Gangunan da Sallau Ya Juya

Sallau ya kwance ƙaramar ganga daga hagu ya ɗaura ta a dama, ya ja babbar zuwa ɗaya gefen, yana yi yana leƙen ƙofa. Makaɗan Ifediora sun fita cin abincin rana, sun bar masa gadin shagonsu a bayan Kasuwar Gombe.

Yau za su gwada ɗansa Shu'aibu a kan gangunan Turawan nan. In ya ci, motar makaɗa ta wuce da shi Legas. In ya yi shirme, gobe yana kan keken ɗinki kusa da ubansa, abin da Sallau yake so ke nan.

Da suka dawo, Sallau ya gyara zama a benci kamar ɗan kallo.

Shu'aibu ya dubi gangunan, ya ɗauki sanduna. Sai kiɗa ya ɓalle, har 'yan dako suka sauke kaya suka cika ƙofa.

Ifediora, shugaban makaɗan, ya ɗaga hannu. "Yaron da kullum yake mana tuntuɓe? Wa ya juya kayan nan? Baba, kai kaɗai muka bari."

Kafin Sallau ya haɗa ƙarya, Shu'aibu ya durƙusa a gabansa, idonsa cike da ƙwalla.

"Baba, duk dukan da hannun nan ya sha a bakin kwanon tuwo, ashe ba ka manta ni bahago ne ba."

Sallau kuwa ya manta sarai. 

"To," ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."