Awon Jini a Shekarar Sanƙarau

"Ba ki zuwa," ya ce wa matarsa ranar awon hawan jininta. "Sanƙarau ya cika asibiti."

Ya soke katinta cikin hula, ya hau keke daga Nahuce har Bungudu.

"Ina mai katin, Baba?" in ji nas.

Ya miƙa hannu. "Auna ni a madadinta, ɗiyata. Shekara arba'in tuwonmu ɗaya, gishirinmu ɗaya."

Ta yi dariya, ta auna shi. Sai dariyar ta ɗauke.

"Baba, jininka ya hau ƙwarai. Nan za ka kwana."

Labari na isa gida, tsohuwar ta taho da tabarma a ka. Ta shimfiɗa gefen gadonsa, tana haki.

"To, Malam, ga ni. Tashi ka kore ni."