Wanda Ya Hana Inji Tafiya Kwas

Wasiƙar ta iso da safiyar Litinin, layi ɗaya tak, irin ta bara da ta bara waccan: "Ba a amince ba, babu mai riƙe aikin."

Inji ta karanta a tsaye, don dama ba ta cika zama ba. Sunan da kowa ke kiranta da shi ke nan a kamfanin, daga maigadi har Darakta, saboda aikinta kamar na inji. Shekara goma sha shida tana sakatariyar Darakta, ba wanda ya taɓa ganin ta tafi hutu ko ta ci abincin rana a natse. Wasiƙu ita, tarurruka ita, tulin takardun da Darakta ke turo mata yana cewa "kin san ƙa'ida, ki gama da su" duk ita. Takan share ɗari kafin shayinta ya huce, kuma tana alfahari da hakan.

Abu ɗaya ta taɓa roƙa, kwas na wata shida wanda duk mai son kujerar mataimakin manaja sai ya yi shi. Ba a ɗaukar wanda ya haura shekara arba'in da biyar, ita kuwa saura mata wata uku. In bana ta wuce, ta wuce ke nan.

"Anti, ki yi haƙuri," in ji Doguwa, abokiyar aikinta da aka kawo shekara huɗu da suka wuce don ta rage mata nauyi, amma har yau Inji ba ta bar ta ta taɓa komai ba sai injin kwafi.

"Haƙurin ya ƙare. Yau sai na ga marar imanin da ke yi min wannan, ido da ido."

Ta bar waya tana ta ƙara, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tura ƙofar Darakta ba sallama. Ya ɗago a firgice, cokali a hannu.

"Ranka ya daɗe, me na yi maka? Sau uku!"

Ya karanta wasiƙar, ya dafe ƙirji. "Wallahi ban taɓa ganin takardarki ba. Ke fa kin fi kowa sanin abin da ke hawa teburin nan."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ko sunan direbansa sai ta tuna masa, yanzu ya iya rantsuwa. Ta fice ba ta rufe ƙofar ba.

A ofishin horarwa ma ba ta ɗaga ƙafa ba. Shugabar sashen ta miƙa mata kujera, ta ce ba zama ya kawo ta ba.

"Mu kam mun zaɓe ki," in ji matar. "Duk sau ukun ke ce ta ɗaya. Amma zaɓe daban, saki daban. In mun gama, sai mu cire sunaye mu sa lamba, don kada a yi son kai, mu tura sama. Can ake cewa a saki mutum ko kada a sake shi."

"Wane ne can saman?"

"Mu dai amsa muke gani. Takardar ainihi tana ɗakin fayil."

Ɗakin fayil yana can ƙasa, bayan matakala, inda fanka ɗaya ke juyawa don kawai kada a ce ba ta aiki. Tana sauka tana shirya maganar da za ta faɗa wa mutumin. Za ta gaya masa cewa ranar sunan ɗan ƙanwarta a nan ta wuni. Za ta gaya masa likita ya ce hawan jininta daga kujerar nan ya fito. Za ta tambaye shi ko ya taɓa tsayawa na minti ɗaya ya tuna cewa bayan kowace lamba akwai ɗan Adam mai iyali da buri. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Baba mai fayil, wanda ya girmi ginin kansa a aiki, ya saurare ta har ta gama, sannan ya gyara tabarau.

"'Yata, wannan takarda ba a nuna wa mai ita."

"Baba, ko ka nuna min, ko in kwashe durowoyin nan ɗaya bayan ɗaya. In kora ce a kore ni yau."

Sai ya tashi a hankali, ya jawo fayil uku, ya shimfiɗa su a kan tebur.

"Ba ta kwas kaɗai ba ce," ya ce. "Masu neman hutu, masu neman canjin wuri, duk a haɗe ake tura su, kowace lamba da gurbin rubuta e ko a'a. Ƙa'idar kuwa tsohuwa ce, duk wanda ba a koya wa kowa aikinsa ba, ba a sakinsa. Ga lambarki nan."

Ta sunkuya, a shirye take ta haddace sunan ta hau sama da shi.

A gaban lambar, shekara uku a jere, an rubuta "a'a" cikin sauri, a madadin Darakta, da rubutun da ta fi sani a duniya, kuma sa hannun da ke ƙasa nata ne.