Hannun da Kaka ta Hana

Ana gab da jarrabawar gama sakandare, Malam Sabi'u, malaminmu na kemistiri, ya tsare mu a ɗakin gwaji bayan la'asar. Asid ɗin makaranta ya kusa ƙarewa, don haka kowa sau ɗaya zai gwada. Za ka riƙa ɗiga shi daga doguwar kwalba mai famfo cikin wani ruwa mai launin ɗorawa har launin ya juya. In ɗigo ɗaya ya wuce, aikinka ya ɓaci.

Ni bahaguwa aka haife ni. Kakata a Baure ta sha kwaɗa mini muciya har na daina fito da hagu gaban manya. Da layi ya zo kaina sai na kama famfon da dama. Ina murɗawa, asid ya tsiyayo, na yi wuf na rufe.

"Ke, da hagu ake kama famfo, dama ta kaɗa ruwan," in ji Malam. "Ranar jarrabawa ba mai tsaya miki."

"Hagu, Malam? A gabanka?"

"A gabana. Fito da shi."

Na zaro shi daga cikin hijabi. Yatsun suka zauna daram a kan famfon. Ɗis, ɗis, sai ruwan ya koma launin goro.

"Tsaya! Nan ne."

Jiya 'yata ta ɗauki fensir da hagu. Har na buɗe baki zan tsawata mata, sai warin asid ɗin nan ya dawo mini. Na ƙyale ta ta ci gaba da rubutunta.