Baba Mai Guga Ya Ga Teku

Motar tana tsaye a danja lokacin da Baba Mai Guga ya ce yana so ya ga teku.

Dogo yana zaune kusa da shi a kujerar baya, ido a kan titi, ba don yana ganin wani abu ba. Ranar hutu ce, gari ya cika ya batse. An rataye fitilu masu launi daga wannan bene zuwa wancan, yara na jan balan-balan, 'yan badujala na ta busa a dandali.

"Ɗana, ka ji ni kuwa? Tun ina da baƙin gashi nake garin nan, ban taɓa ganinsa ba. An ce bayan tudun can yake."

Gaskiya ya faɗa. Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a ɗakin wanki na wani otal, can ƙarƙashin ƙasa, inda babu taga sai tururi. Ya san zanin gadon kowane ɗaki, bai san abin da ake hangowa daga ɗakunan ba. Duk ranar hutu, in abokan aiki suka cika bas suka tafi yawon buɗe ido, shi ke karɓar aikinsu, yana cewa ai teku ba guduwa zai yi ba. To, tekun bai gudu ba. Baba ne zai tafi. Yau da yamma jirginsa zai tashi zuwa gida, tafiyar da babu dawowa.

"Jikokina za su tambaye ni," in ji shi. "In ce musu me? Na je ƙasar mutane na ga dutsen guga?"

Dogo ma ba a nan aka yanke cibiyarsa ba, sai dai shi ya shigo da ƙafar dama: ga aiki, ga mata, ga yara suna makaranta. Rakiya zuwa filin jirgi ba baƙon abu ba ne gare shi. Ya raka masu kuka, ya raka masu zagi, har ya daina bambanta su. Abin da bai saba ji a hanyar ba shi ne harshen mahaifiyarsa.

Ya sunkuya ya yi wa direba magana da yaren ƙasar. Direban, wani jibgegen mutum mai jan wuya, ya buga yatsa a kan agogonsa, ya girgiza kai.

"In an tambaya, cunkoso ne," in ji Dogo. "Ni zan ɗauki laifin."

Direba ya yi tsaki irin nasu, ya karya kan mota.

Bakin tekun ya fi cikin gari cika. Dogo ya fita, ya zagayo ya buɗe wa Baba ƙofa. Tsohon ya sauko yana jan takalmin da babu igiya, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando. Wanda ya yi rayuwarsa yana fitar da kari a wandon wasu, yau nasa ko tsayuwa ya ƙi yi. Dogo ya kama gwiwar hannunsa, suka kutsa cikin jama'a. Ba su sha wahala ba, mutane da kansu suke darewa. Wata mai sayar da alawa ta fara yi wa Baba murmushi, da ta dubi Dogo sai ta shiga gyaran tirenta.

Suka tsaya inda yashi ya jiƙe. Baba ya daɗe yana kallo, yana murza wuyan hannunsa.

"Ashe ruwa ne kawai."

"Ruwa ne, Baba."

"Da yawa dai." Ya yi 'yar dariya. "Da a ɗakin wankinmu yake, da an huta da faɗan famfo."

Dogo ya so ya ji wani abu, ko tausayi ko kunya. Ya laluba ƙirjinsa, bai tarar da komai ba sai gajiya. Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce: yara sun yi wanka, suna jiransa ya kai su kallon wasan wuta. Ya ce yana hanya.

Dogo ya ciro wayar Baba daga nasa aljihun, ya ce masa ya gyara tsayuwa a ɗauke shi hoto. Baba ya ja hannun rigarsa ƙasa, ya ɗaga haɓa kamar mai otal ɗin da kansa. Aka ɗauka. Ya duba, bai gamsu ba.

"Mutum shi kaɗai a hoto kamar maraya. Shigo, ɗana. Amma cire rigar nan ta sama, kada ta ɓata mana hoto. Zan ce musu ɗana ne na can."

Dogo ya cire, ya ajiye a kan yashi. Wata yarinya ta karɓi wayar ta ɗauke su, Baba ya dafa kafaɗarsa, teku a bayansu. Hannun tsohon ba nauyi, sai zafi, kamar wanda bai daɗe da ajiye dutsen guga ba.

Daga sama direba ya danna oda.

Dogo ya ɗauki rigarsa ya saka, suka hau tudun a hankali. Baba yana ta lissafa wanda zai fara nuna wa hoton, da wanda zai ja wa rai sai ya roƙa. A bakin mota ya tsaya, ya juya ya ƙara duban ruwan.

"Allah ya yi maka albarka. Yadda ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka."

"Amin, Baba."

"To, yi aikinka, kada su yi maka faɗa."

Ya miƙo hannayensa biyu a haɗe. Dogo ya gyara rigarsa mai tambarin hukumar shige da fice, ya ciro ankwar da ya cire masa kafin su sauka daga mota ya mayar masa, kamar yadda doka ta ce a yi wa duk wanda aka kora daga ƙasar.