Gyaran Tabita

Ranar kasuwar Yankara Labaran ya iske budurwarsa Tabita zaune gaban buhun dawarta, tiyar awo a hannu. Bai jima da gama jami'a a Zariya ba. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Na samu aiki a Legas, kamfanin mai," ya ce. "An koya mana cewa mai hankali yakan auna kowane zaɓi, ya ɗauki wanda ya rinjaya. Na auna, Tabita."

"Har da ni a sikelin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ƙannenka kai suke kallo. Ni kuma ba zan bar Baba kwance in bi ka ba. Awonka daidai ne."

Ya so ta yi gardama, ko ta zage shi. Ya miƙa mata jaka. "Inna ta ce in auno dawa."

Ta auna. Tun suna yara takan ƙara masa gyara, tafi biyu. Hannayenta suka nutsa cikin dawar bisa sabo, sai suka tsaya. Ta buɗe yatsunta a hankali, ƙwayoyin suka zube cikin buhu.

"Tiyarka ta cika," ta ce. "Daidai, yadda aka koya maka."