Inda Hannun Hukuma Ya Tsaya

"Haramcin banza!" Wata tsohuwa ta maka sandarta a kan teburin jami'in hukumar kula da kasuwar hannun jari har shayinsa ya fantsama. "Kun ce kun hana dillalin nan cinikin hannun jari. Ga shi can ya tsallaka iyaka zai buɗe sabon ofis, ku kuna nan kuna shan fanka!"

Jami'in ya haɗiye takaici. Shi ya binciki dillalin da kansa. A kan kujerar nan 'yan fanshon da mutumin ya talauta suka zauna suna yi masa kuka.

"Mama, wallahi abin ya fi ci mini rai. Amma ikon hukumarmu a bakin iyaka ya tsaya."

"Ko ta waya yake cinikin?"

"Muddin bai taɓa kasuwarmu ko mutanenmu ba, ba mu da ta cewa."

"Hukumar can fa? Ba za ku sa ta kama shi ba?"

"Babu yarjejeniya tsakaninmu."

"Tir da aikinku!" Ta fice, ta banko ƙofa.

Sai ya ga ta manta carbinta. Ya ɗauka ya bi ta, yana shirya kalaman ban haƙuri. A ƙasan matakala ya tarar da ita, ta ba shi baya, waya a kunne, murya ta yi laushi kamar ba ita ba.

"Auta, na ji daga bakinsu. Ba abin da za su iya yi maka. Buɗe ofishinka, Allah ya yi maka albarka."