Lamba Arba'in da Bakwai

Mawaƙiyar ta ajiye ɗan filas na kwamfuta a kan tebur, ta tura shi da ɗan yatsa har ya taɓa kibod ɗin kiɗa.

"Oga, yau da wannan za mu yi aiki. Wallahi na gaji da lamba arba'in da bakwai."

Ya tsura wa bakinta ido har ta gama, sannan ya dubi filas ɗin. Kunnen Zinare ake ce masa a cikin masu haɗa kiɗa, tun zamanin da mawaƙa ke layi a barandar situdiyonsa. Yanzu barandar sai kuliyoyi. Ita kaɗai ta rage masa, ita ma jiya ta turo saƙo: ko a canza sauti, ko ta kwashe waƙoƙinta ta kai gaba. Sai ta saƙo ɗin, don ya daina ɗaga waya, har ana cewa girman kai ya kama shi.

Laifinsa a bakin mutane ɗaya ne. Kibod ɗinsa ya zo da sautuka ɗari biyu da kamfani ya shirya a ciki, waɗanda ake kira firiset, shi kuwa ya manne musu kamar kaska. Ya haddace su kaf. Arba'in da bakwai fiyano ce mai taushi, sittin da biyu bes ne mai kauri, tara kuma ba a haɗa ta da muryar mace, danne ta take yi. Shekara guda ke nan duk waƙar da ta fito daga ɗakin nan sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su.

A cikin filas ɗin kuwa kunshin samfur ne sabo fil, wato ganguna da tafi da sarewa da aka naɗa daga hannun makaɗa, aka yayyanka gutsi-gutsi har dubu uku. Ya buɗe. Ganga ɗaya, ganga biyu, har ganga ɗari huɗu. Ko ɗaya bai sani ba.

"Mu yi rabi da rabi mana," ya ce. "Kayan nan ba su da tabbas."

"Ko guda daga tsofaffin ban yarda ba. Oga, kai fa Kunnen Zinare ne, me zai gagare ka?"

Ɗakin ba taga. Bango duk soso, ƙofa mai nauyi a rufe, fanka na juya zafin rana kawai. Kujerar baƙi ta karye tun watan jiya, don haka ta laluba soket ta saka cajar wayarta, ta janyo babbar sifikar bes gefe ta zauna a kai. A kan wannan sifikar yake ɗora ƙafarsa ba takalmi duk lokacin da yake aiki. Ya buɗe baki zai ce ta tashi, sai ya rasa dalilin da zai ba ta, ya haɗiye maganar.

Ya ɗora hedifon a kai, ya fara. Awa biyu yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana duban zanen kowane sauti a allo: wannan mai tsini, wannan mai tumbi, wannan mai dogon wutsiya. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Sau uku hannunsa na kaiwa kan kibod, wajen arba'in da bakwai, sau uku yana janyewa, don idonta na kansa. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba a ɗakin nan. In ta fita da filas ɗin yau, gobe sai dai ya rufe situdiyo.

Da ya jera komai a kan layi, ya cire hedifon, ya mayar da sautin kan sifikoki, ya danna. Fitilun allo suka fara tsalle, kore zuwa rawaya, ba su taɓa ja ba. Ya ba ta baya yana gyaɗa kai daidai da tsallen, yana ɗan buga tebur da yatsa, minti uku cur. Da layin ya kai ƙarshe ya juyo da murmushi.

"Kin ji yadda gangar ta zauna? Wannan shi ne aiki."

Ba ta yi murmushi ba. Tana tsaye, idanunta sun cika da hawaye, a hannunta filogin sifikokin ne, wanda ta zare tun ɗazu don ta saka caja.

"Sau biyar ina kiranka in ce maka babu abin da ke fita," ta faɗa a hankali. "Oga, tun yaushe?"

Ya karanta tambayar a leɓenta, kamar yadda yake karanta maganar kowa tun ranar da zazzaɓin bara ya tafi da jinsa gaba ɗaya.